Ƙwaya Kafin Darasin Yamma

Tana tsaye bayan mahaifiyarta a kantin magani, cikin kayan makaranta. Jakar littattafai ta ranƙwafar da ita, idanunta sun faɗa, tana cizon farce har yana jini. Da gani ta daɗe rabonta da wasa.

"Ciwon cikin ne ya dawo," in ji uwar. "Ba mu mai ƙarfi, tana da darasin yamma."

Mai magani ya ce, "Hajiya, tana samun barci kuwa? Damuwa ma tana kawo wannan."

"Damuwar me? Ci take, sha take. Ta riƙe na ɗaya kawai muka ce."

Ni da ke bayansu a layi, raina ya ɓaci. Yarinyar ta haɗiye ƙwayar ba ruwa, alamar ta saba, ta ce, "Yi haƙuri, Mama."

Ita ke ciwo, ita ke ba da haƙuri.