Naman Layya da Ajin Lahadi

Shekara shida na yi ina koyar da yara a makarantar Lahadi ta majami'armu a Talata Mafara. Litinin zuwa Juma'a ina aikin firamare a Bakura, Asabar in dawo, Lahadi da safe in tara 'ya'yan mutane a gindin dalbejiyar da ke bayan majami'a, manya kuwa suna ciki suna sujada. Ikilisiyar ba ta da yawa, ma'aikatan jinya ne da 'yan sanda da masu sayar da kayan gyaran babur, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Yarana ba su wuce sha biyar ba, amma surutunsu sai ka ce kasuwa ta ci.

Ni ban yarda da haddar aya kawai ba. Yaro zai rattabo maka aya tiryan-tiryan, ya fita ya kwaɗa wa ƙanwarsa mari. Don haka na ƙirƙiro wata al'ada. Kafin a tashi, duk wanda ya yi abin da ke damunsa a zuciya sai ya zo bencina ya raɗa mini a kunne, mu yi addu'a tare, shi ke nan. Na yi musu alkawari cewa maganar ba za ta wuce ni da mai ita da Allah ba. Yawanci satar suga ce, ko yage littafin yaya, wani ma ya taɓa furta cewa ya zagi akuyar maƙwabta. Sai in danne dariya in rufe ido mu roƙi gafara.

A shekara ta shida aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara takwas, ba ta da hayaniya. Mahaifinta ma'aikacin jinya ne da aka yi wa canjin aiki daga Maradun, yana zuwa aka sa shi cikin dattawan ikilisiya. Mutum ne mai tsanani, naman Layya ba ya shiga tukunyar gidansa. In maƙwabta sun aiko, zai karɓa a ƙofa da doguwar godiya, daga baya ya bayar da shi. A majami'armu wannan magana ta daɗe tana raba kan mutane, wasu na ci, wasu ba sa ci. Ni dai ina ci, har da yaji.

Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah, yarinyar ta zo bencina. Ta ce ta shiga gidan ƙawarta, wasu Fulani da suke katanga ɗaya, uwar ƙawar ta miƙa mata soyayyen nama, ta ci tsoka uku. Da ta koma gida mahaifinta ya tambaye ta, ta ce ba ta ci komai ba.

"Malama, wuta za ni?" in ji ta.

Na ce mata a'a, muka yi addu'a a kan ƙaryar. Amma batun naman ya tsaya mini a rai. In na ce ba laifi ba ne, na ƙaryata ubanta. In na ce laifi ne, na yi munafunci.

Wannan ne ya kai ni wurin matar fasto ranar Asabar, bayan an tashi taron zumuntar mata. Mama nake ce mata, ita ta zauna da ni a asibiti lokacin da na haifi ɗan farina. Na fara ba ta labari ba suna, ta yi ta tambaya har na faɗa. Ta riƙe hannuna ta ce maganar ta mutu a nan, ta yi mana addu'a mai tsawo. Shawara dai ban samu ba, amma na fito da sanyin zuciya.

Lahadin da ta biyo ta kama farkon wata, ranar da yara ke zama cikin manya. Fasto ya hau wa'azi a kan zaman tsarki. Can tsakiya ya ce iyaye su farka, ga 'yar wani dattijo da bai daɗe da zuwa cikinmu ba, ta ci naman Layya a maƙwabta, ta dubi idon ubanta ta yi ƙarya. Dattijo ɗaya ne bai daɗe da zuwa ba. Kawuna suka juya gaba ɗaya. Uban ya miƙe, ya zo bencin yara, ya kama hannunta suka fita. Tana wucewa ta dube ni, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Ana tashi na tare Mama a bayan majami'a. Ko gezau ba ta yi ba. Wai ba ta ɓoye wa mijinta komai, wai don ginin ikilisiya ne, ai ma ba a ambaci suna ba. Na gaya mata maganganun da ba su dace da rigar zumunta ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. An ci amanata, kuma wadda na fi yarda da ita ce ta ci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na ɗauki amanar yarinya da hannuna na kai mata.

Da yamma na je gidan su yarinyar. Uban ya ƙi fitowa, uwar ta turo mini yarinyar zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo, da shatin tsumagiya a ƙwaurinta. Na ce ta yafe mini.

"Ke kinka ce ba wanda za shi ji," in ji ta.

Na ce haka ne, na yi kuskure.

"Ba komi, Malama. Da na yi shiru da ba a buge ni ba. Ba ni ƙara faɗi."

Ta tambaye ni ko za ta iya komawa ciki, na ce ta je.