Hannun Gwaggo Ersilia

Kowace Alhamis, kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai, Gwaggo Ersilia Bardazzi ta riga ta hura tanderunta. Takan narka sukari da man shanu har su yi ja, ta juye a kan faifan dutse, in alawar ta daskare ta farfasa ta. Sai ta kwaɓa fulawa da ƙwai, ta zuba 'ya'yan itacen almon da gutsattsarin alawar, ta mulmula dogo-dogo ta sa a wuta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan aiki a ƙauyenmu na kan dutse, sama da birnin Prato.

Gwanintar tana wurin yanka. Biskit ɗinmu sau biyu ake gasa shi, kuma tsakanin gashin farko da na biyu ake yayyanka shi. In an yi gaggawa, alawar ta maƙale wa wuƙa. In an makara, ta ƙandare, komai ya ruguje. Ersilia ba ta duban agogo. Tafin hannu take ɗorawa ta ji.

Babu wanda ya bar garin nan neman aiki ba tare da gwangwanin biskit ɗinta a jaka ba. Ɗalibaina duka sun karɓa, aji bayan aji, har aka rufe makarantar don babu yara. Gualtiero, tsohon direban bas ɗinmu, ya ce tun a motarsa suke buɗewa, suna ci suna share hawaye. Har gobe yana tsokanarta.

"Ke kika kore su, Ersilia. Da abin naki yana lalacewa da wuri, da sun dawo karɓar sabo."

"Wa ya kwashe su, ni ko kai? Ci ka yi shiru, mai haƙori uku."

"Huɗu ne."

"To tsoma a kofi, kada maganata ta tabbata."

Bana hannunta na dama ya fara rawa. Watan jiya ta ji lokacin yanka ya yi, amma wuƙa ta ƙi tsayawa, kafin ta saita ta komai ya huce. Ta tattara ɓurɓushin. Ƙarshen watan nan 'yarta za ta tafi da ita birnin Milano.

Na je da littafi don in rubuta yadda take yi. Ta ce, "Malama, rubuta awon fulawa har ki gaji. Abin da hannu ke ji fa?" Ta kama hannuna ta ɗora a kan gashin farko. "Kin ji?" Na ce na ji. Gaskiya ban ji komai ba sai zafi, ga shi na haye saba'in.

Ke ce uwar matafiya, Ersilia. Ke ce kika ƙone yatsunki don 'ya'yan wasu su ɗanɗani gida a baƙon gari. Mun ci, mun yaba, amma a cikinmu ba wanda ya tsaya kusa da ke ya koya. Mun gode, ki yafe mana.

Ku da kuka tafi, Alhamis biyu suka rage. Ta ce ƙofarta a buɗe take. Ba yabo take bukata ba, hannun da bai fara rawa ba take nema. Mutum ɗaya ya isa. Bas ɗin safe har yanzu yana hawowa, kuma babu kowa a ciki.