Abin da Na Faɗa a Ƙarshen Kaset

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, cikin daminar 1996, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, aka kifa turmi aka ɗora rikodar Baba a kai. Aka kore kaji, aka kai akuya bayan rumbu don kada kukanta ya shiga. Wasiƙa za a yi wa Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, wanda yake ɗinki a Fatakwal. Da yake yawancin mutanen gidanmu ba sa rubutun boko, wasiƙarmu ta baki ce. Sai a sayo sabon kaset ranar kasuwa, kowa ya zauna gaban rikoda ya faɗi nasa, a naɗe a leda a ba direban da ke kai shanu kudu. Shekarata tara a lokacin, ina rakuɓe kusa da randa, don na san rabin kaset ɗin nan a kaina zai ƙare.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa, kuma a cikinsa an san ni da abu biyu da suka ƙi haɗuwa. In aiki na hannu ne, babu kamata. Ni nake zura wa kakata Iya zare a allura, ni ake ba tsintar tsakuwa a wake, a carafke kuwa ƙawayena har ƙin yi da ni suke. A makarantar allo na wuce yayyena, don allona a cinyata yake. Amma a tura ni gona korar tsuntsu, sai in yi ta kaɗa gwangwani a gabas su kuwa suna shagali a kan gero ta yamma. A ce in kore akuyar maƙwabta daga kan shanya, sai in kori tamu. A makarantar boko abin ya fi muni. Da yake ina da tsawo, malaminmu a layin baya ya ajiye ni, kuma abin da nake gani a gaban aji wani baƙin abu ne da farin hazo a kansa. Na ɗauka kowa haka yake gani, sauran yara dai sun fi ni iya cinka ne. Na maimaita aji uku, kuma ga alama zan sake. Iya takan ce, “Yarinyar nan Allah ya ba ta kan Muhammadiyya ne, bai ba ta na boko ba,” kowa ya gyaɗa kai.

Ana cikin haka Kawu Sale ya aiko mana da tsaraba, a ciki har da wani abin wasa mai batir da muke kira gem. Bai fi tafin hannun babba ba, launin toka, da ɗan gilashi inda ƙananan bulo suke faɗowa kana jera su, in layi ya cika ya ɓace da wata ƙara mai daɗi. Shi ne na farko a ƙauyen. Yara sukan yi layi a ƙofar gidanmu, in batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana ko mu ɗan cije shi, mu rantse ya ƙara ƙarfi. Ni kuwa a nan na sami duniyata. Nakan manna shi dab da hancina, in ga kowane bulo da gefensa tsaf, babu hazo, babu mai yi mini dariya. Cikin sati biyu babu yaron da ke kamo ni, har da 'yan aji shida.

To, wannan manna shi a hanci shi ya jawo mini. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ita ta fara lura ina ƙanƙance ido in aka kira ni daga nesa, ta kai labari bakin rijiya. Bakin rijiyarmu kuwa, abin da aka faɗa da hantsi kafin azahar ya zagaye gari ya dawo da ƙari. Aka ce abin nan yana shan ruwan ido. Aka ce a wani gari ya makantar da yara har bakwai, ko da yake babu wanda ya san sunan garin. Wani dattijo da bai taɓa riƙe shi ba ya ce aljani ne a ciki, in ba haka ba wa ke jefo bulon? Nan take na zama mara lafiya, aka fara zuwa dubiya. A wajenmu kuwa ba a zuwa dubiya a tafi ba a bar magani ba, kuma ba a ƙin gwada na babba. Aka ɗiga mini zuma, aka rambaɗa mini kwalli har na koma kamar mage, aka wanke mini ido da rubutu, aka turara ni da wani itace da har yau in na tuna ƙaurinsa sai na yi tari. Baba ya ɗauke gem ya jefa a akwatinsa ya kulle. Duk wannan hidima, babu mutum ɗaya da ya ce, Zulai, me kike gani?

Ranar kaset bisa girma aka bi. Baba ya yi sallama ya ba da labarin damina. Gwaggo Tabawa ta karɓa, ta gode da turmin atamfa, sannan ta sauke wa Kawu kwandon faɗa a kan abin da ya aiko ya lalata idon 'yar mutane. Maƙwabta biyu da suka shigo aron rariya su ma suka tofa albarkacin bakinsu. Inna mahaifiyata dai gaisuwa kawai ta yi da muryar wadda ta yi kuka. Can sai Baba ya sake matsowa ya ce ya yanke shawara, in aka yi hutun nan ba zan koma boko ba, tun da ga ido ya taɓu ga kuma kai ba ya ja, gara in zauna in yi karatun allo. Ina son makarantar nan duk da bulalarta, don in malam yana karanta labari da baki, ni nake fara ganewa. Iya ta rufe da addu'a doguwa, wadda ta haɗa da rayayyu da matattu da direban shanu.

Saura ɗan ƙiris kaset ya ƙare aka ce yara su zo su gaida Kawu. Abin da aka koya mana shi ne, ina wuni, mun gode. Da aka zo kaina na durƙusa gaban turmi, ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

“Kawu, ba abin wasanka ba ne. A cikinsa ina ganin komai. Baƙin allo ne ban taɓa gani ba, tun kafin ka aiko.”

Rikoda ta yi ƙas, kaset ya ƙare. Iya ta ce wannan rashin kunya ne, yarinya ta ƙaryata manya a gaban baƙo, a goge. Ta ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiyarta, ni ko rimin ma ba na hangowa. Baba ya mayar da kaset baya kaɗan ya kunna, sai ga muryar Iya tana tsakiyar addu'a. Ya tura gaba, ya wuce ni. Ya sake dawowa, ya sake faɗawa cikin addu'ar. Ya ce shi fa yana tsoron ya danna jan maɓalli ya shafe sunan Allah. Iya ta tsaya tana sauraron kanta, addu'ar kuwa ta yi mata daɗi, sai ta ce a bar shi haka nan, ai Sale ya san yaro da shirme.

Sai da aka fara yankan gero amsa ta iso. An riga an koma makaranta ban koma ba, kullum da safe ina jin ƙawayena suna wucewa ta bayan danga ina wanke-wanke. Aka sake kifa turmi, gida ya cika. Kawu Sale yana sa tabarau, abin da mutanen ƙauyenmu suka ɗauka iyayi ne na wanda ya je birni, har suna ce masa mai ido huɗu. Ya bi kowa da gaisuwa, ya ba Gwaggo haƙuri bai yi musu da ita ba. Sannan ya ce shi ma sai da ya kai shekara ashirin da biyar kafin ya san ana ganin ganyen bishiya ɗai-ɗai daga ƙasa. Ya ce wa Baba, “Malam, ban isa in sa ka ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tsaya nesa da ita ka yi shiru, ka ga ko za ta gane ka.” Baba ya kashe rikoda ya fita masallaci.

Bayan kwana uku, da hantsi, Inna ta miƙo mini kwanon sha ta ce in kai wa babana, ga shi can wajen rumbu. Na hango mutum biyu a tsaye, ɗaya da shuɗiyar riga da jar dara irin ta Baba. Na nufe shi kaina a ƙasa, yadda aka koya mana, don yarinyar kirki ba ta kallon babba a ido. Na durƙusa na ce, Baba ga ruwa. Sai na ji muryarsa ta fito daga ɗaya gefen, a hankali.

“Zulai, ga ni nan.”

Ashe musayar riga da hula suka yi da ƙanensa Baffa Idi. Baba ya tsuguna har fuskarsa ta zo dab da tawa, ya tambaye ni da me nake gane shi duk shekarun nan. Na ce da hularsa, da tarinsa, da ƙarar takalminsa. Ya daɗe yana kallona. Ban taɓa ganin idon Baba ya kawo ruwa ba sai ranar.

Washegari ya goya ni a keke har Dutse. A asibiti wani ma'aikaci ya zaunar da ni, ya ɗora mini wani firam mai nauyi yana canza gilasai yana tambayata, wannan ko wancan? Bayan Baba, shi ne mutum na biyu a duniya da ya tambaye ni abin da nake gani. Bayan sati biyu muka koma karɓar tabarau. Da na fito waje na sa, sai na riƙe rigar Baba don jiri. Duwatsun da na sani a matsayin wani duhu a gefen sama ashe suna da tsagi da layi, har da awaki a kansu. Itatuwan dabino ashe ganyensu tsinke-tsinke ne. Na yi ta karanta allunan shaguna da ƙarfi tun daga bakin asibiti har muka fita gari, Baba yana tuƙi yana cewa, sai kuma me? Ranar Litinin da kansa ya kai ni aji, ya roƙi malam a dawo da ni layin gaba. Da yamma ya buɗe akwati ya miƙo mini gem. Gwaggo Tabawa kuwa har ta koma ga Allah tana cewa zumarta ce ta yi aiki.

Yau ni malamar makaranta ce a Dutse, kuma danginmu suna da zaure a waya. Kwanan baya wata 'yar'uwata ta sa hoton ɗanta ta ce ba ya gane karatu, kullum yana manne da waya. Kafin in idar da sallar azahar an yi sharhi ya fi a ƙirga. Wannan ya ce gem ne, wancan ya turo muryar wani mai magani da ba a san garinsu ba, wata ta ce a ɗiga zuma. Na yi dariya ni kaɗai, na kira uwar na ce ta ba ni yaron mu yi magana. Bakin rijiya bai mutu ba, aljihu ya koma. Sai dai su Gwaggo da ƙafarsu suke takowa, su zauna a tabarma su taɓa goshinka, kuskurensu ma da ɗuminsa yake zuwa.

Kawu Sale ya dawo mana da kaset ɗin lokacin da ya tashi dawowa gida. Shekarun da aka fara shari'a, lokacin da Baba ya tattara kasakasan waƙa ya fitar daga gidan, wannan Inna ta ɓoye shi a cikin kwallarta. Yanzu yana wurina. Iya da Gwaggo da Baba da Kawu duk sun rasu, amma in na kunna suna nan a tsakar gida suna gardama a kan idona, akuya tana kuka daga bayan rumbu. Nakan saurari addu'ar Iya har ƙarshe ban tsallake ko kalma ɗaya ba, don ita ce ta tsare mini maganata.