Dattijon da Ke Zaune a Kan Tayar Tsere

A bakin tashar Kunci, gaban rumfar mai faci, wani dattijo yana zaune a kan wata faffaɗar taya irin ta motocin tsere. Ban san sunansa ba. Rigarsa duk ƙasar gona ce, amma akwai tsohon tabon ƙuna a bayan hannunsa, babban yatsansa kuma a karkace yake. Ina zaton ya yi ƙuruciyarsa a garejin Kano, irin wanda ake ƙara wa inji gudu, don yana shafa tayar kamar mai duba bijimi a kasuwar shanu.

Mai facin ya raɗa mini cewa jiya samari suka yi wasan mota a wajen biki, ɗaya ta ƙwace ta faɗa gonar dattijon, ta tumurmushe masa gyaɗa. Suka janye motar, suka bar tayar da ta cire.

Ga mai motar nan ya iso da baƙin tabarau, ko sallama babu.

"Baba, tayata. Daga waje aka kawo ta."

Dattijon ya ɗago kai. "Mu da muka haɗa inji da hannunmu, fili muke nema nesa da mutane in za mu yi tsere. Taya ka zo tambaya? Abincin iyalina fa?"

Saurayin yana ta latsa waya. Wallahi ji nake kamar in fizge ta.

Dattijon ya ɗauki wuƙar mai faci, ya luma a gefen tayar, iska ta fita da huci.

"Ɗauki abinka," in ji shi. "Ni ma haka na tarar da gonata."