Ɗan Yatsana a Bangon Maliki

Faɗana da Maliki Mai Hoto ya faru ne shekarar da aka kawo Shari'a, ranar kasuwar Mai'adua, a gaban jama'a, kuma har gobe ni ke da gaskiya.

Ɗana Sada ne ya aiko daga Legas wai yana son hotona. Na aje tiren daddawata a bakin shagon Maliki, na gyara mayafi, na zauna na tsuke baki kamar matar liman. Ya ɗauka. Ina miƙewa wani ɗan acaɓa ya ture mini tire. Na juya na ɗaga masa yatsa, na soma da kakansa na wajen uba. Sai na ji ƙyas a gefena.

Ashe haka Maliki yake yi wa kowa. Ɗan dukawan Daura ne, ya bar jima da ɗinkin fata ya koyi hoto wurin wani Bayarabe, ya dawo da wata ɗabi'a: duk wanda ya zo sau biyu ake ɗaukarsa. Na farko, wanda ka shirya, shi yake kira na tuwo. Na biyu sai ka ɗauka an gama, kana hamma ko laluben takalmi, wannan nasa ne, ba ya sayarwa. A bangon waje yake jera su. Akwai ango yana barci, akwai dillalin shanu yana gudun ɗan maraƙi. Matarsa Zubaida ta ce rabin filim ɗin gidan a kan mutanen da ba su nema ba yake ƙarewa.

Kasuwa ta zagayo na tarar da kaina a bango, baki buɗe har ana ƙirga giɓi.

Na ce, "Maliki, ɗan Zakiyya, cire ni."

Ya ce, "Inno, tunda nake ban taɓa ɗaukar mai kyau kamar wannan ba."

"Mai kyan uwaka! Cire ni."

Ya ƙi. Abin da na iya kawai, na sa ya ƙona filim ɗin a gabana don kar ya wanko wani.

Ba a jima ba dattawan unguwa suka zo suka ce yanzu lokaci ya canja, fuskar mata ba ta zama a bakin titi. Na ce alhamdu lillahi, Shari'a ta yi mini aiki. Maliki ya ce ya ji ya bi. Ya ɗauko almakashi ya yanke fuskokin duka, ya bar hannuwa. Dattawa suka dawo suka duba, suka rasa ta cewa, don ba wanda ya yi maganar hannu.

Nawa ɗan yatsa ne kawai a tsaye. Wallahi ba wanda bai gane shi ba. 'Yan acaɓa in sun zo wurin sai su rage gudu. Mata na cewa yaro, "Ka ci tuwo ko in kai ka wurin yatsan Inno." Wani mai raƙumi da ya ƙetaro iyaka ta Kongolam, bai taɓa ganina ba, ya tsaya gaban hoton ya ba da haƙuri.

Ana nan sai ga hoton da na aika Legas ya dawo, da saƙon Sada: a daina yi masa wasa, wannan ba uwarsa ba ce, ta ina uwarsa ta taɓa rufe baki?

Na koma wurin Maliki, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce ya sake ɗaukata ina faɗa. Muka gwada, na zagi bango, na zagi kujera, ya sauke kyamara ya ce, "Inno, wannan faɗan haya ne." Filim kuwa ni na sa aka ƙona. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ɓanɓare yatsan ya miƙo mini.

"Aro ne fa."

Na aika shi Legas. Sada ya aiko cewa yana buɗe ambulan ya miƙe tsaye ya cire hannu daga aljihu.

Wurin da yatsan ya bari Maliki bai sa wani ba. Har wayar hannu ta zo kowa ya zama mai hoto, na tuwo ya ƙare, ya rufe shago ya koma wurin 'yarsa a Baure. Duk sallah sai ya aiko tambayar aronsa, Sada kuwa ya ce sai dai a kai shi gaban alƙali.

Da na ji jikinsa ya yi tsanani na hau mota na je. Yana kwance, ido ya dushe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Inno, ina yatsana?"

Raina ya ɓaci da gaske. Na matsa daf da fuskarsa na ɗaga masa yatsa.

Na ce, "Naka? Ga mai shi nan, kalla da kyau. Kuma ka kuskura ka mutu ban gama faɗan nan ba, ka gani."