Kawu Injiniya Mai Tarwaɗa

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Rikkos ya san hular kwanon nan tasa mai ruwan ɗorawa. Ɗaurin aure, suna, cefane a kasuwar Laranto, tana kansa. Aka ce, "Injiniya, me zai faɗo maka a ka a wurin suna?" Ya ce, "Shawarar 'yan'uwa."

Kuma da gaskiyarsa! Mutumin da ya yi digiri har na uku a kan haƙar ma'adinai, rana ɗaya ya ajiye aikin kamfani, wai tarwaɗa zai kiwata a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Mahaifiyata, yayarsa, ta yi ta salati tana tafa hannu.

"Sale! Duk karatun nan ka ƙare a kifi?"

"Yaya, rabin rayuwata ina haƙa rami in tafi in bar wa mutane. Bari in ga ko ɗaya zai ciyar da wani."

"To, ka daina cewa kai dakta ne."

"Ai kifin ma ba su tambaya ba."

Ga maƙo, jama'a! Kawu bai taɓa sayen sabon abu ba. Famfonsa na jan ruwa da injin wani mataccen babur ya haɗa shi, ƙararsa har bakin titi. Maƙwabcinsa Baba Dung, mai gonar kabeji, ya zo a fusace.

"Oga Injiniya, wannan abu naka ko kiran matata ba na ji!"

Kawu ya ce, "To, ina godiyar?"

Washegari kuma Kawu ya ja masa tiyon ruwa har cikin gonar. Daga nan Baba Dung bai sake jin ƙara ba.

Ni kuwa a lokacin na gama digiri na biyu a lantarki, na gaji da yawon neman aiki, na shige ɗaki, ko gaisuwar mutane ba na son amsawa. Sai ga Kawu a bakin ƙofa.

"Tashi, Habibu. Ka san ruwa?"

"Kawu, lantarki na karanta."

"Madalla! Ka san abin da ba a jefawa a ciki."

Na bi shi ina ƙunƙuni. Ranar farko santsi ya kwashe ni, tsundum cikin ramin. Na ɗago ina haki, ga shi tsugune a kaina.

"Yaya sanyin can ƙasa? Na daɗe ina son in auna."

Wallahi ranar na fara dariya bayan watanni. Yau ni ke busar da kifin a murhun da na ƙera da hannuna, har Abuja ake zuwa saye.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar jana'izarsa na ga matasa cike da layi, wani mai gidan burodi, wata mai kiwon kaji, duk injiniyoyin da ya je ya fito da su daga ɗaki kamar ni. Bai taɓa gaya mini ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙe hannunmu, Allah ka riƙe nasa. Amin.