Bencin da Muka Ɗora Kan Taya

Jama'a, na san na ɓace muku. Masu tambaya ko an ɗauke ni soja ne shi ya sa na yi tsit, a'a. Ina nan Rikoto, jinya na sha.

Babana tsohon saja ne. Tun ina yaro ya ajiye min takalminsa na aiki a ƙarƙashin gado. Bana kuwa ita ce damata ta ƙarshe ta shiga soja, in ta wuce shekaruna sun haura.

A bayan gidanmu muke ɗaga ƙarfe. Ƙarfen ma haɗin gida ne: siminti a bokitin fenti biyu, da bututu a tsakiya. Sai abokina Danladi ya ga wani bidiyo a waya, wai in abin da ka kwanta a kai yana rawa, ƙirji ya fi aiki. Mutumin cikin bidiyon kan wata ƙatuwar ƙwallo ya kwanta. Mu ina muka ga ƙwallo? Muka ɗora benci kan tsofaffin tayoyi. Nauyin kuma ko tsakuwa ba mu rage ba.

Na sauke ƙarfen a ƙirji, na fara turawa, bencin ya karkata. Sai na ji wani abu ya yage kusa da hammatata ta dama, kamar tsohon zane.

Washegari jini ya kwanta tun daga hammata har gwiwar hannu. Ko cokali ban iya kaiwa baki.

Mama ta kai ni wurin mai ɗori a Dabai. Ya ce targaɗe ne. Ya ja, ya murza da man kaɗanya, na yi ihu har kajin gidan suka watse. Makonni muna zarya. Naman ƙirjin ya dunƙule gefe guda, hammata ta yi rami. Nan tsoro ya kama ni sosai.

A asibitin gari hoton ƙashi bai nuna komai ba. Aka tura mu Sakkwato, aka cusa ni cikin wata na'ura mai ƙara. Likita ya ce, “Jijiyar da ta haɗa naman ƙirji da ƙashin hannu ce ta tsinke. Kun makara, amma za mu gwada.”

Baba ya sayar da bijimin nomansa, aka yi tiyata.

Malamar gashin ƙashi ce ta fahimtar da ni. Ta ce, “In bayanka ba ya kan abu tsayayye, ƙirji ba ya ƙara komai. Kafaɗa da ciki ne ke fama kada ka faɗi, ƙarfin turawa kuma ya ragu. Masu yin haka ɗan nauyi suke ɗauka. Kai ka ɗauki na ƙato a kan abin lilo.”

Ranar tantance masu shiga soja hannuna na rataye a wuya. An ɗauki Danladi. Na taya shi murna, na shiga ɗaki na yi kuka. Ba zan ɓoye ba.

Kullum da safe Baba ke tsayar da ni gaban bango, ina hawan bangon da yatsun hannun a hankali, shi kuma yana tsawa irin ta fareti: “Sama!”

Ran nan na kasa daurewa, na ce, “Baba, na ba ka kunya.”

Ya ce, “Na binne yara da yawa waɗanda suka ci wannan tantancewar. Ɗaga hannu, malam.”

Yau hannun na wuce kaina, ina riƙe fartanya. Na gode wa Allah, da Mama, da malamar nan, da ku masu addu'a.

Samari, don Allah bencinku ya tsaya da ƙafafunsa a ƙasa, kuma wani ya tsaya a kanku. In kun ji yagewa kuka ga jini ya kwanta, kada a ja, kada a murza, ku nufi asibiti ranar.

Takalmin kuwa Baba ya fito min da shi jiya. Ya ce in sa mu tafi gona, tunda babu bijimi.